Tayoyin Suruki da Hawan Mambila

Daura,
farkon Nuwamba.

Goggo Haulatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina kuma gaishe da mahaifinki Kaka Sabiru, mijina na Gembu da bai taɓa aiko min ko zane ɗaya ba tun da aka haife ni. Yaya ƙafafun nasa? Yaya sanyinku? Mu nan lafiya lau. An gama shigar da gero, wake ya yi kyau a gonar Sandamu, Shatu ta shiga aji biyu har ta fara gyara min magana. Kakata Iya ma ƙalau take, in ban da kunnenta na hagu, wanda take juya wa duk mai faɗin abin da ba ta so.

Takarda na rubuto saboda ke kika ce waya ba ta barin mutum ya gama tunani. Ga shi kuma duk lokacin da wayata ta yi ƙara, Iya na gefena da kunnen dama.

Bari in fara da mai daɗin. Abban Shatu ya sayi mota. Jif ce, ta ɗan manyanta amma lafiyayya, irin ta shiga daji, mai canja giya da kanta. Ya gaji da kai iri da taki ƙauyukan Mashi a kan babur. Ranar da ya kawo ta Baba ya zo ya zagaye ta, ya sa albarka, sannan ya juya wajen Iya ya ce, to ga abin da zai kai ki wurin ƙaninki. Kin san tun ina firamare rabonta da Kaka Sabiru. Da safe na tarar ta sauko da akwatinta, ta sa an shanya kuka da kuɓewa.

Ba a daɗe ba Baba ya dawo daga Kongolam da tayoyi huɗu a bayan a-kori-kura. Goggo, ban taɓa ganin irinsu a jikin motar gida ba. Wajen masu ratsa sahara zuwa Agadas ya saye su, su kuma suka tabbatar masa da irinsu mota ba ta kafewa. Ya ce tafiyar da nisa, ba zai yarda uwarsa ta hau hanya a kan siraran ƙafafu ba. Abban Shatu ya durƙusa ya yi godiya, aka ɗaura su. Tsofaffin kuwa Baba ya yi sadaka da su ga masu amalanken shanu, yanzu haka suna can suna jigilar kara.

Ba zan ɓoye ba, motar ta yi kyau. 'Yan majalisar ƙofar gida sun ba ta kwana da kwanaki na hira. Iya sai an ajiye mata kujerar tsakar gida take iya hawa, tana hawa tana mita, amma na lura takan gyara mayafi ta dubi maƙwabta daga sama. A yashin Mashi, inda motocin ofishinmu ke nutsewa mu fito mu tura, ita wucewa take kamar ba ta san da shi ba.

To amma kin san ƙasarmu. Daura a shimfiɗe take, tudun da muka fi alfahari da shi bai wuce na masu kwalbati ba. Shi ya sa babu wanda ya san komai sai da muka je suna wani ƙauye a bayan duwatsun Kazaure, da Iya a gaba. Muna fara hawa motar ta rasa ƙarfi, sai ta sauke giya da ruri, ta zabura. Tana samun gudu ta sake hawa giya ta sama, ƙarfin ya tafi, ta sake saukowa. Haka ta dinga yi har muka kai ƙarshen tudun, kanmu na gaba yana baya kamar masu gyangyaɗi. Abban Shatu yana ta gumi yana lallashin totur. Da muka tsaya wani ƙauri ya taso daga ƙarƙashinta, Iya kuma ta nemi a sauke ta, jiri ya kwashe ta. Sai da ta sha ruwa ta huta a gindin wata tsamiya, sannan ta dubi motar ta ce, “Wannan ba ta gama shawara ba. In ta gama a faɗa min.”

Wannan fa tudun Kazaure ne, wanda akuya ke hawa tana tuƙa. Ku kuma kun zaɓi ku zauna a cikin gajimare. Saboda haka ina jin sai an ɗan ɗaga tafiyar, har mu ga abin da hali ya yi.

A gaishe da mutanen gida duka.

'Yarki,
Khairunnisa.

Gembu,
ƙarshen Nuwamba.

'Yata Likita,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, ta ɗan kwana a tashar Kano kafin direbanmu ya ɗauko ta. Muna lafiya. Hawan jinin Malam ya sauka, ƙafafun dai suna nan yadda kika san su, daga ɗaki zuwa ƙofar gida ne iyakarsa. Ya ce in gaya wa matarsa ta Daura zanenta na nan a ajiye, amma ba a aika wa mace zane, zuwa take ta karɓa. A gaishe min da Iya da Shatu, da Nu'uman mai sabuwar mota. Ubanki Kalilu ba sai an gaishe shi ba.

Kin san idon Malam ya yi rauni, duk takardar da ta shigo gidan nan ni ke karanta masa. Na zauna na karanta masa taki daga farko. Ya yi dariya har da tari, ya sa na maimaita masa maganar Iya sau biyu, ya ce Yaya ba ta canja ba. Da na zo layin ƙarshe sai ya ce in shigar da shi ciki, iska ta yi yawa. Babu iska ranar.

Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Tun da aka ce za ku zo ya sa aka yi wa ɗakin baƙi shafe, ya aika Nguroje aka sayo barguna masu kauri, ya hana a taɓa wani ɗan maraƙi da ya ware. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji labarin yayarsa tana tafe.

Ni kuma ban manta ba. Wata shekara an ce damina ta ɓata hanya. Wata shekara zaɓe. Wata shekara Kalilu ya tafi Makka, wata kuma hanyar ba lafiya. Duk mun karɓa. Bana kuma taya. Na yi rayuwata ina koyarwa a aji, na san uzurin da aka zauna aka tsara, kuma naki ya fi na kowa kyau don har da ban dariya a ciki. Ban taɓa riƙe sitiyari ba, amma na san in taya ta yi girma cirewa ake a sa ƙarama. In ma hakan ya gagara, ban ji an rufe tashar Daura ba.

Hawan namu gaskiya ne, ba zan rage masa komai ba. Daga Mayo Selbe mota ke fara hawa tana lanƙwasa, dutse a gefe guda rami a ɗaya gefen, sai ta yi ta hawa har kunnen mutum ya toshe. Amma kullum ta Allah tsofaffin motoci na hawa da buhunan gishiri da mata da kaji. Ban ga dalilin da zai sa jif ta ji tsoro ba.

In ba a son wahalar kawo ta ne, ko Iya ce ta karaya, ki faɗa min kai tsaye in san yadda zan shirya zuciyar tsohon nan. Shi ya wuce tamanin, ita ta girme shi. Waɗannan ba mutanen da ake ce wa baɗi ba ne.

Goggonki,
Haulatu.

Daura,
farkon Disamba.

Goggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, muna fatan kuna lafiya. Wannan kada ki karanta wa Kaka.

Na karanta taki a ofis, tsakanin wani ɗan tinkiya mai zawo da wata jaka mai ɗingishi, na kuma yarda na cancanci rabin faɗan. Na ba ki labarin da ya fi daɗin bayarwa na bar ainihin. Iya ba ta karaya ba, akwatinta na nan a ɗaure a bakin gado. Ga yadda abin yake.

Na farko, motar. Na nemo littafinta na karanta, sannan muka kai ta wurin Cosmas, mai shagon kayan mota da gareji a hanyar Kano, wanda ya taso a ƙasa mai tuddai. Abin da ke cikin littafin shi ya faɗa, shi dai ya fi littafin ɗaga murya. An ƙera giyar ne da sanin girman tayar da za ta juya. Da aka sa mata manya, sai ya zama kamar an ba mutum tabarya mai nauyi aka ce ya yi daka da saurin da ya saba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ya nunawa. A tudu kuwa giya ta sama ta yi mata nauyi, ta ƙasa ta yi mata sauƙi, sai ta yi ta kaiwa da komowa tsakaninsu, kuma duk canji ɗaya man giyar na ƙara zafi. Cosmas ya zaro ma'aunin ya nuna mana man, ya fara duhu, daga tudun Kazaure kawai. Malejin ma ƙarya yake mana, gudun da muke yi ya fi wanda yake nunawa. A gangara kuma birki ne ke shan wahalar tsayar da nauyin. Motocin gishirinku tsofaffi ne, amma da ƙafafunsu na haihuwa suke hawa.

Abban Shatu bai zauna ba. Duk Asabar yana Kazaure yana gwaji. Ya gano in ya kulle giyar a ta biyu da hannunsa kafin ya fara hawa, motar takan daina rawar kai, ta hau a hankali tana gurnani. Na yaba masa. Amma da na kwatanta wa Cosmas hawanku yadda kika rubuto, cewa ya yi shi ba zai ɗora tsohuwa a kai ba. Ya ce hanya biyu ce. Ko a mayar da tayoyi irin na da, aikin da ba zai kai azahar ba, ko a kwance aksul gaba da baya a canja haƙoran ciki su dace da manyan, kayan kuma sai an yi odarsu daga kudu, Allah kaɗai ya san ranar zuwansu. Abban Shatu bai ko yi tunani ba ya ce a yi odar haƙoran.

Cosmas ya dube ni. Ya ce, “Likita, ba Alhaji ne babanki ba? Ki gaya masa mana.” Mutumin nan ya shekara da shekaru a Daura, yana jin Hausa har da zaurance, amma ga inda iliminsa ya tsaya.

Wannan shi ne na biyu, kuma ke ba sai an yi miki dogon bayani ba. Kyautar suruki ce, ya ba da ita a ƙofar gida kowa na gani. Abban Shatu mutum ne da in ya hango Baba a layi sai ya sake hanya, in ba hanya ya cire takalmi. Ya gwammace ya wargaza cikin motar kaf da a ce Baba ya zo ya tarar an cire abin da ya saya. Motar haya ma ba mafita ba ce, don saboda tafiyar nan aka sayi tayoyin. In Iya ta hau wata motar, duk unguwa ta san abin da aka ce ke nan.

Ni kuwa 'yar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Da ina “waccan”, yanzu na samu ƙarin girma na zama “uwar Shatu”. In yana da magana da ni Iya yake gaya wa ina zaune, ni ma in ba Iya amsa. Na yi shekaru a jami'a, na iya duban makiyayi in ce masa saniyarsa ba za ta tashi ba, amma ban iya cewa Baba tayarsa ta yi girma ba.

Saura Iya. Na same ta na yi mata bayani har da zane a ƙasa. Ta saurara da kunnen dama, sannan ta ce ɗanta ya yi abin kirki, ba za ta zama mai tozarta shi a kan alherinsa ba, in tafiyar rabonta ce za a yi. Da ta faɗi haka sai ta juya ta fara gyara ɗaurin akwatin da babu abin da ya same shi.

To ga mu nan, Goggo. Gida cike da mutanen kirki, kowa na kare fuskar kowa, tsohuwa kuma na zaune da kayanta a ɗaure. Wani lokacin nakan zauna in yi tunanin ko akwai mai rai a duniya da ke da ikon gaya wa Baba magana yadda ta zo. Ba roƙo nake ba, tunani ne kawai irin na marar aikin yi.

'Yarki,
Khairunnisa.

Daura,
ƙarshen Disamba.

Goggo,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau. Shatu ta yi mura ta warke. Ina fatan shirun da kika yi na lafiya ne. Duk direban Kano da ya sauka sai na aika a tambaye shi, har sun fara tsammanin wani kaya nake jira. Na sake karanta abin da na rubuta miki a zuciyata, na ce ko ƙarshensa ya yi kama da rashin kunya. In haka ne ki yafe min. Na kira wayarki sau biyu, kika ce kina gidan biki, alhali babu hayaniyar komai a bayanki sai kukan zakara.

Ko kina fushi ko ba kya yi, ga labari. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko masallaci, a-kori-kurar nan ta sake tsayawa a ƙofar gida. Tayoyi huɗu, sababbi, daidai girman na da. Baba ya shigo ya zauna a tabarmar Iya. Abban Shatu bai samu hanyar gudu ba, sai ya durƙusa a bakin zaure. Ni ina madafa, inda ake jin komai.

Baba ya yi wa Iya bayani, yana kallon bango. Ya ce ya samu labari hanyar Taraba duwatsu ne masu kaifi, ba su san darajar taya ba. Ya ce asara ce a kai tayoyin sahara irin waɗancan can a yayyanka su, gara a sauke su a adana a ɗaki sai an dawo. Ga waɗansu nan marasa daraja ya samo, a lallaɓa da su. Iya ta ce Allah ya yi albarka. Abban Shatu ya yi godiya a karo na biyu, kuma na rantse miki ta fi ta farko tsawo. Babu wanda ya ambaci giya, ko Kazaure, ko jiri. Kafin magariba Cosmas ya ɗaura su, ya canja man giya, ya soke odar haƙoransa, bai yi tambaya ko ɗaya ba. Ina jin ya ƙara wani aji a karatunsa.

Washegari muka je gwaji. Motar ta sauke giya sau ɗaya a gindin tudun, ta riƙe ta har sama. Iya barci ta yi.

Yanzu sai abin da ban zata ba. Baba ya ce shi ma za shi, wai yana da maganar da zai ƙarasa da wani a Gembu. Ni kuma ba za ni ba, an fara rigakafin awaki a ƙananan hukumomi uku kuma ni ke riƙe da Mai'aduwa. Ki gaya wa Kaka ya ci gaba da ajiye zanen. Don haka jibi da asuba za su taso su uku: Iya a gaba, Abban Shatu a sitiyari, Baba a baya ta inda madubi ba zai haɗa idonsu ba. Za su kwana a Gwambe, su sake kwana a hanya in Iya ta gaji. Na gaya wa direban ya sa ƙaramar giya in zai gangaro, kada ya dogara da birki. Ya ce ya sani. Abin da bai sani ba shi ne yadda zai yi kwana biyu bai ci abinci a gaban surukinsa ba. Na cika masa aljihu da dabino.

Takardar nan a jakar Iya za ta zo, tare da kuka da kuɓewa da daddawa. Ban san wanda ya ba Baba labarin duwatsun Taraba ba. Ina dai da zato.

'Yarki,
Khairunnisa.

Gembu,
Janairu.

'Yata Likita,

Wa alaikumus salam. Sun iso lafiya, na san Nu'uman ya gaya miki a waya, amma na san irin labarin maza: mun iso, lafiya lau, hanya ba laifi. Ga cikakkensa. Da farko dai ke za ki yafe min. Na zarge ki da tsara uzuri, ashe ke ma a ɗaure kike. Shirun da na yi kuwa ba fushi ba ne. Na ji tsoron in na rubuto kafin abin ya nuna, fuskarki za ta tona mu ranar da ubanki zai zo.

Zatonki daidai ne. Ban ɓata masa tawada ba, waya na buga. Uwarsa da ubana ciki ɗaya, ni 'yar namiji shi ɗan mace, tun muna yara nake ƙwace masa rake ba mai hana ni. Na ce masa, Kalilu, na ji an ce ka ɗaura wa motar mutane ƙafafun raƙumi za ka aiko mana, ko an gaya maka Agadas Malam ya ƙaura? Ya ce me mazauna kan dutse suka sani game da mota, mu da gajimare ke shigo mana ɗaki ba sallama. Muka yi ta yi har katin wayata ya kusa ƙarewa. Sannan na faɗa masa a fili cewa tayoyinsa ne ke hana motar hawan tudu. Ban ce ke kika gaya min ba, na ce duk direban da ke nan ya san haka.

Abin da ya ce zai ba ki mamaki. Ashe ya sani motar na fizga. Nu'uman ya taɓa kai shi ta'aziyya wajen Roni, ya ji komai. Shi a zatonsa an cuci yaron ne an sayar masa da mota mai ciwo, sai ya ja bakinsa don kada ya kunyata shi. Har yana tunanin yadda zai hana tafiyar ba tare da ya ambaci motar ba. Na ce to wannan ciwon, kai ne ka saye shi da kuɗinka ka ɗauko a a-kori-kura. Sai ya ce bakina dai bai tsufa ba. Maganar da ya ce zai ƙarasa a Gembu ke nan, kuma mun ƙarasa ta, shi ya sha kaye.

Hawan bai ba su wahala ba. Nu'uman ya ce tun daga Mayo Selbe ya riƙe ta a giya ta ƙasa, ta hau a natse, ba ta yi zafi ba. Iya ce ta ba ni sauran. Ta ce daga Daura zuwa nan kalmomin da suka shiga tsakanin mazan biyu ba su wuce na alwala da alƙibla ba. In za a ci abinci, ɗaya ya yi gabas da kwanonsa ɗaya ya yi yamma. Amma a tsakiyar hawan, inda ramin ya fi zurfi, ta ji Kalilu daga baya ya ce, “Sannu, direba.” Ta ce kunnen Nu'uman har rawa ya yi.

Malam tun hantsi ya sa aka fitar masa da kujera ƙofar gida. Na ce ya shiga sai sun kusa, ya ce shi rana yake sha, alhali hazo ya rufe ko'ina. La'asar sakaliya motar ta tsaya. Iya ta sauko da kanta, ta tsaya tana dubansa, shi ma yana ɗaga kai yana neman ta da ɗan ganin da ya rage masa. Na yi zaton kuka za a yi, har na tanadi nawa. Sai ta ce, “Sabiru, haka ka tsufa?” Ya ce, “Yaya, kin daɗe a hanya.” Ta kama hannunsa ta ji sanyinsa, nan take ta hau shi da faɗa, wane irin sakarci ne mutum ya zauna a wannan sanyi ba safa, tashi ka shiga ciki. Likita, mutumin da limamai ke durƙusa wa, wanda ni da likitansa muka kasa sa shi ya sha magani a kan lokaci, sai ga shi ya miƙe sumul ya bi ta, yana cewa to, Yaya.

An yanka maraƙin. Ta yi masa miyar kuka da hannunta, ta ce tamu ta nan ruwa ce. Ya ci har ya nemi ƙari.

Yanzu ki shirya jin wannan. Mazan za su taso gobe, kuma su biyu za su taso. Iya ta ce ba ta hau wannan dutsen don ta kwana uku ba, a nan za ta yi azumi, a zo a ɗauke ta bayan salla. Kalilu ya buɗe baki, ta juya masa kunnen da ba ya ji. Na ga Nu'uman ya dubi kujerar gaba da za ta koma ba kowa. Ki yi masa abinci mai yawa, zai iso da yunwa.

Ina rubutun nan ina jin Iya da Malam ta taga. Tun bayan azahar suke musu a kan ko rijiyar gidan ubansu a Daura tana gabas da turken doki ne ko yamma. Duk wanda zai raba gardamar ya daɗe da rasuwa, kuma ban ga alamar ɗayansu na son a raba ba.

A shafa min kan Shatu.

Goggonki,
Haulatu.